'Yan Lifidin Filin Ƙwallo

Duk wanda Allah ya nufa da ganin hawan Sallah a Daura, ko hawan Magajiya, ko kuwa hawan Gani da akan yi cikin watan Rabi'ul Awwal, in ya sami wurin tsayawa kusa da ƙofar fada kuma ƙura ba ta rufe masa ido ba, zai lura da wasu mahaya waɗanda ba su sukuwa, ba su wasa da linzami, ba kuma su mata ke rangaɗa wa guɗa ba, sai dai tafiya suke yi a hankali cikin nauyi, an lulluɓe dawakinsu tun daga wuya har gwiwa da tufa mai kauri da aka cusa wa auduga aka bi ta da ɗinki, kawunansu kuma na cikin kwalkwali. Waɗannan su ne 'yan lifidi. Yaro yakan dube su sau ɗaya ya kau da kai zuwa ga ɗan sarkin da dokinsa ke miƙewa da ƙafa biyu, amma dattijon da ya san abin da hawa yake kwaikwayo, watau fitar runduna a zamanin da, ya san cewa ran da abin ya zama na gaske, ran sarki da na duk mai ado a bayansa yana rataye ne a wuyan masu nauyin tafiyar nan.

Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Aikin masu lifidi shi ne su shiga gaba su karɓi kibau da jikinsu, su fasa sahun abokan gaba, su buɗe wa barade masu sauri kafa, ko kuwa su kewaye sarki su zame masa ganuwa. Amma kayan na da illarsa, ita ce nauyi. Baturen nan matafiyi, Clapperton, wanda ya ga yaƙin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai wa Gobirawa a 1826, ya ba da labarin cewa sai mutum biyu sun taru kafin a ɗora mahayi ɗaya a kan dokinsa. A Tabkin Kwatto ma, cikin 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawaki da lifidi, jama'ar Shehu kuwa galibinsu maharba ne a ƙasa, amma Gobirawa aka kora. Bayan ƙaddarar Allah, wadda ita ce gaba da komai, mai nazari yakan tambaya: a wane irin wuri aka tsayar da masu lifidin, da wa aka haɗa su, wa aka sa ya rufa musu gefe, kuma wane lokaci aka ce su afka? Duk waɗannan tadbirin mai runduna ne, mahayi ba shi da ta cewa a cikinsu.

Abin da ya sa na ɗauko zancen daga nesa haka shi ne, na daɗe ina zama gidajen kallon ƙwallo na garin nan, ina kuma tsayawa bakin fili da la'asar, kuma ban taɓa jin an jefa wa wata ƙungiya ƙwallo a raga ba face an sami wanda ya miƙe yana zagin gola ko lamba biyar. Ɗan gaba ya ɓarar da dama goma, ya ci ɗaya, a ɗauke shi a kafaɗa. Ɗan baya ya tare hari ashirin, ɗaya ya wuce shi, a ce ya sayar da wasa. Ni kuwa abin da na haƙiƙance shi ne, mafi yawan ɓarakar da ake gani ranar wasa an riga an yi ta tun makonni ko watanni kafin a busa usur, kuma hannun koci ne ya yi ta, ko hannun waɗanda ke bisa koci. Hujjar da ta fi fito mini da wannan fili na same ta ne a wani wasa da ba mu yi a ƙasar Hausa, don haka sai mai karatu ya yi haƙuri mu ɗan leƙa Amurka.

A can suna da wata ƙwallo tasu mai siffar ƙwai wadda ake ɗauka da hannu, kuma jami'o'insu sun ɗauke ta da muhimmancin da har filin wasan wasu yakan ci mutum fiye da 100,000. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Ana ba masu ƙwallo dama 4 su ci gaba yadi 10. In sun cika a sabunta musu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Akwai mutum ɗaya, mai jifa, wanda shi ne madugu: shi ake miƙa wa ƙwallo, ko ya damƙa wa mai gudu, ko ya jefa wa wanda ya sheƙa gaba. A gabansa kuwa ana jera ƙarti 5 kafaɗa da kafaɗa, kowanne yakan kai kilo 135 ko fiye, sanye da kwalkwali da matasan kafaɗa, har wanda ya saba ganin hawa ba zai rasa tuna 'yan lifidi ba. Ƙa'ida ta hana a jefa musu ƙwallo, sunansu ba ya shiga lissafin masu ci, aikinsu kawai su tare masu kawo farmaki na daƙiƙa biyu ko uku har mai jifa ya saki, ko su ture su gefe su buɗe wa mai gudu hanya. In sun yi daidai ba mai ambatonsu. In ɗayansu ya yi kuskuren taku guda, sai a ga an maka madugu da ƙasa ƙwallo na hannunsa.

A watan Disamba na 2022 Jami'ar Kolorado ta ɗauki wani shahararren tsohon ɗan wasa, Deion Sanders, ya zama kocinta, bayan ta gama kakar da ta ci wasa 1 aka cinye ta 11. Ya tarar da dokar da aka sassauta a 2021, wadda ta ba ɗalibi damar ya sauya makaranta ya shiga wasa nan take ba tare da ya zauna shekara ba, sai ya yi amfani da ita iyakar iyawa: mafi yawan yaran da ya tarar suka watse, ya kwaso fiye da 50 daga wasu makarantu, cikinsu har da ɗansa Shedeur, wanda shi ne mai jifa. Masu gudu da masu cafewa ya samo zaƙaƙurai. Sahun mutum biyar ɗin nan kuwa haɗe-haɗe aka yi, wasu tsofaffin gida, wasu baƙi daga makarantun da ba su kai wannan aji ba. Da farko abin ya yi armashi, don ranar 2 ga Satumba 2023 sun doke jami'ar TCU, wadda ta zo ta biyu a ƙasar a kakar da ta gabata, da ci 45 da 42, suka kuma ci wasa biyu a bayansa. Sai suka je Oregon aka lallasa su 42 da 6, aka kayar da Shedeur sau 7 a wasan. Daga nan kowa ya gane inda bango ya tsage.

A nan ne shawarwarin koci suka bayyana ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka ba tsara hare-hare, Sean Lewis, mutum ne da aka sani da salon gaggawa, kuma ƙungiyar ta karkata ga jifa har ta zama ta ƙarshe a ajinta wajen cin ƙasa da gudu. To, in abokin karawa ya tabbata jifa za ka yi, ba sauran abin da zai sa ya yi taka-tsantsan, sai ya sako mutanensa gaba ɗaya kan madugu, nauyin kuma ya faɗa wa mutum biyar da ko sunayen juna ba su daɗe da sani ba. Maimakon a sauƙaƙa musu, a ƙara musu mataimaki a gefe, a yawaita gudu da gajeren jifa, sai aka wayi gari a farkon Nuwamba an karɓe ragamar kiran dabaru daga hannun Lewis an ba Pat Shurmur, Sanders kuma ya riga ya faɗa a bainar jama'a cewa maganin abin shi ne a samo sababbin 'yan sahu. Ina roƙon mai karatu ya sa kansa a matsayin yaro ɗan shekara ashirin da ya ji ubangidansa ya faɗi haka, alhali sauran wasa huɗu a gabansa. Duka huɗun aka cinye su. Kaka ta ƙare da ci 4 da faɗuwa 8, an kayar da Shedeur sau 52, har ya sami tsagewar ƙashi a baya bai buga wasan ƙarshe ba. Shekarar da ta biyo aka sake sahun kusan kacokam, aka kawo sabon malaminsu, ƙungiyar ta ci 9 ta faɗi 4, amma duk da haka sau 42 aka kayar da Shedeur. Adalci ya wajabta a ce shi ma yana da nasa, don yakan riƙe ƙwallo fiye da kima yana neman jifa mai nisa. Sai dai gyaran wannan ɗabi'a ma aikin koci ne.

Me ya sa ake iya sayo ɗan gaba yau ya ci ƙwallo gobe, amma ba a iya sayo sahu? Dalili shi ne, gwanintar ɗan gaba a ƙafarsa take, duk inda ya tafi da ita zai tafi, ta 'yan sahu kuwa a tsakaninsu take zaune. Musulmi ba ya bukatar dogon sharhi a kan wannan, domin sau biyar a yini yana jin liman yana umurni a daidaita sahu a toshe kafa, kuma ya san mutum ɗaya tak in ya gota gaba ko ya noƙe baya, sahun duka ya karkace ko da sauran malamai ne. Haka 'yan baya huɗu suke a ƙwallonmu. Lamba biyar yana bukatar ya san, ba tare da ya waiwaya ba, cewa in ya fita tarar mai ƙwallo lamba huɗu ya riga ya zame ya rufe gurbinsa. Lamba biyu in ya hau gaba ya san wa ya gaje shi. Gola ya san wace ƙwallon sama ce tasa, wace ce ta masu kai. Tarkon satar gida kuwa, wanda ake so mutum huɗu su taka gaba tare kamar ƙafa ɗaya, ba ya yiwuwa sai an maimaita shi har ya bar kai ya koma jiki. An san Arrigo Sacchi, kocin AC Milan da ya ci kofin Turai a 1989 da 1990, da sa 'yan wasansa atisaye ba ƙwallo, yana nuna musu inda take a ƙiyasi su kuma suna matsawa tare, alhali cikinsu akwai Baresi da Maldini, waɗanda ba wanda zai ce ba su iya ba.

Mu dawo gida. Ƙungiyar jiharmu, Katsina United, wadda aka sauya mata suna daga Spotlights a 2016, ta shiga babbar gasar ƙasa a kakar 2017, tana wasa a filin da aka sa wa sunan Sarki Muhammadu Dikko. A 2022 ta faɗa ajin 'yan dagaji tare da Kano Pillars da Heartland da MFM, ta kuma dawo a 2023. Cikin 'yan shekarun nan kaɗai ta ga Abdullahi Biffo, ta ga Henry Makinwa, ta ga Usman Abd'Allah, ta ga Tony Bolus, kowanne kuwa masanin aikinsa ne. Ba ita kaɗai ke da wannan hali ba, al'adar gasar ce gaba ɗaya: an faɗi wasa uku a jere, sai a ba koci wa'adi, wa'adi ya cika, a sallame shi, sabo ya zo da yaransa da salonsa, a sake gwajin 'yan wasa, a watsa 'yan bayan da suka fara fahimtar juna. Gasa ce ta ƙungiya 20 da wasa 38, rabinsu a waje, inda akan kwana a mota daga Katsina zuwa Uyo ko Fatakwal a sauka da kumburarriyar ƙafa, kuma kowa ya san cin wasa a waje a Nijeriya abu ne mai wuya. Wanda zai tsira da maki ɗaya a irin wannan tafiya, da 'yan bayansa zai tsira. A ganina, hukumar da ke canja koci kowace shekara ita ce ta fara tsaga bangon da take kuka ƙadangare ya shiga, kuma kocin da ya san kwanansa ƙidayayyu ne ba zai ɓata su wajen ginin da sai baɗi za a ga amfaninsa ba.

Akwai misalin wanda ya yi haƙurin ginin, kuma duk mun gani da idonmu. Marigayi Stephen Keshi ya shafe watanni yana tara 'yan wasan gida yana horar da su kafin gasar kofin Afirka ta 2013, ya ɗauko Godfrey Oboabona daga Sunshine Stars ta Akure, sa'an nan bayan wasan farko ya haɗa shi da wani yaro, Kenneth Omeruo, ya bar kyaftin Joseph Yobo a benci duk da girmansa. Da ya ga haɗin ya zauna bai sake taɓa shi ba. Ƙwallo 4 kacal aka jefa wa Nijeriya a wasa 6, ranar 10 ga Fabrairu kuma aka doke Burkina Faso da ci 1 a Johannasbag. Sunan Sunday Mba, wanda ya ci, shi ke bakin mutane har yau, amma shawarar da ta kawo kofin an yanke ta ne a baya.

Mas'alar ta fi tsanani a makarantu, kuma nan ne ta fi damuna. Wasa a makarantun ƙasar nan ba baƙo ba ne. Tun a Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ana lissafa shi cikin tarbiyya, har Sardauna Ahmadu Bello ya fito daga can da son wasan fayif da bai rabu da shi ba. Yau Daura na da kwalejin da ke ɗauke da sunan Yusufu Bala Usman, da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, da jami'ar sufuri, ban da sakandaren da ke Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa. Ƙungiyar makaranta kuwa kowace shekara sai ta zubar da manyanta, don jarrabawa ba ta jiran kofi. Saboda haka malamin wasanni da ya jira sai an aiko takardar gasa sa'an nan ya fita neman dogayen yara ya jera su a baya, ya zo fafe gora ranar tafiya. Wajibinsa ne tun yaro na aji ɗaya ya san wanda zai gaji lamba biyar, ya riƙa sa shi kusa da na yanzu, ya kuma jure ganin ana cin su a wasannin sada zumunci.

Na ga wannan da idona wata shekara cikin hunturu, a wani fili na rairayi da aka shata da toka, raga babu sai turaku. Makarantu biyu ne na masarautar nan. Malamin ɗaya yana da yara huɗu da suka shekara biyu suna tsaron baya tare, sai ana saura mako guda aka kawo wani ɗalibi daga wata makaranta, dogo, mai faɗin ƙirji, wanda in ya buga ƙwallo sai ka ji ƙararta daga bakin titi. Malam ya gani ya yaba, ya ba shi lamba biyar, ya tura mai lambar na da zuwa hagu inda bai taɓa tsayawa ba. Ba a yi minti goma ba aka zuro ƙwallo ta tsakiya, na hagun ya yi kiran da suka saba, uku suka taka gaba suka ɗaga hannu, baƙon kuwa, da bai san kiran ba, ya tsaya inda yake, ya halatta wa ɗan gaba abin da da satar gida ne. Kafin hutu aka sake yin irinta sak. Jama'a suka yi ca a kan gola, wani na cewa hannunsa rariya ce, wani na cewa a cire shi, yaron kuwa ya tsuguna jikin turke yana share ido da bakin riga. Da aka tashi na matsa kusa, na ji malamin ya tara su ya ce kada wanda ya ga laifin gola ko na baƙo, shi ne ya raba abin da ya tarar a haɗe, kuma ya nemi su yafe masa. Na sha ganin koci, amma ban cika jin wannan kalma a bakinsu ba.

Bayan kwana biyu na biyo ta wurin da yamma, na tarar ya sallami sauran yara, ya bar huɗu da gola. Ya mayar da tsohon lamba biyar wurinsa, ya sa baƙon a gefensa, ya samo igiyar guga ya ba su suka riƙe a jere, taku goma tsakanin kowane biyu. Ba ƙwallo a filin. Shi ne ke tafiya da ƙafa, in ya yi dama su bi shi tare, in ya juya baya su taka gaba, in igiya ta yi sako-sako ko ta fizge daga hannun wani sai a koma farko, gola na bayansu yana kiran sunayensu ɗaya ɗaya. Baƙon ya saki igiyar ya fi sau goma, kowane karo na kusa da shi ya ɗauka ya miƙa masa. Suna cikin haka aka kira magariba, malam ya naɗe igiyarsa ya rataya a keke, suka nufi famfo yin alwala.